Idan Likita Ya Ce A Kwantar Da 'Yarki

Zancenmu na wannan mako mai nauyi ne, watau taɓin hankali ga yara masu tasowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wani ciwo irin wannan.

Galibin waɗanda aka kai asibiti, magani ake ba su su koma gida. Amma idan yarinya ta yi kwana da kwanaki ba barci, ta ƙi abinci, tana jin muryoyin da ba mai ji sai ita, ko kuwa ta ambaci kashe kanta, to, maza a kai ta ga likita. Akwai asibitocin wannan ciwo a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano.

Na san abin da ke ranki: wa zai aure ta in aka ji? Don wannan tsoro ne ake kulle yarinya a ƙuryar ɗaki, har a sa mata mari. Haba, uwa! Ciwon nan ba ya warkewa da ɓoyo.

Sa'ad da aka kwantar da ita, likita zai yi miki tambayoyi, a ɗibi jininta, domin zazzaɓi mai zafi da farfaɗiya da shan ƙwaya duk suna rikita hankali. Kada ki ɓoye masa kome, ko da abin kunya ne. Za a karɓe reza da igiya daga kayanta, kada ranki ya ɓaci. Sa'an nan a fara ba ta ƙwayoyi ko allura, ana kuma zama da ita ana jin damuwarta. Maganin yakan yi makonni kafin a ga amfaninsa. In wuyanta ya sandare, ko barci ya yi mata yawa, ki gaya wa nas.

Ki riƙa zuwa duba ta. Tun 1954 Likita Lambo na Aro, kusa da Abekuta, ya riƙa saukar da majiyyata a ƙauyuka tare da danginsu, don ya lura ganin na gida yana kwantar da rai.

Ran da aka sallame ta, kada a yanke magani don an ga ta warware, nan ne ciwo ya fi dawowa. Ku kuma 'yan makaranta, in ta komo aji, ku matsa mata a benci, ku ara mata littattafanku ta kwafi darussan da suka wuce ta.