Tankin faiba da harsashi ya huda: a jefar ko a gyara?

A shirinmu na wannan mako mun leƙa Mayo, kudu da birnin Khartoum, inda Hausawan Sudan da dama suke zaune. Tun da sojoji suka karɓe birnin a watan Maris na 2025, bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, mutane ke ta komawa gidajensu a Khartoum da Omdurman. Da yawa sun tarar da tankin ruwan da ke bisa rufi, wanda a can ake kira hazzan, ya tsage ko harsashi ya huda shi. Sabo kuwa da tsada, ga kwalara ta addabi birnin a 2025. To, ina mafita?

Kafin komai, in ka hau rufi ka ga wani ƙarfe da ba ka san shi ba, kada ka taɓa. Sauko ka sanar da hukuma.

Sannan ka tabbatar tankin na faiba ne. Duba bakin ramin: in ka ga zare-zare farare kamar gashi, faiba ne, wato zaren gilashi da aka daskarar da ruwan danƙo mai suna rezin. In kuwa sumul yake kamar bokiti, roba ce, rezin ba ya kama ta, asarar kuɗi kawai za ka yi.

Ga yadda masu gyaran kwale-kwalen faiba suke yi, haka ma masu gyaran tirelar kwana a Turai da Amurka. A zubar da ruwa, a bar tankin ya bushe ƙarau, domin danshi shi ne babban abokin gabar rezin. In tsagewa ce, a huda ɗan rami a ƙarshenta kowane gefe don kada ta ci gaba. A goge kewayen da takardar yashi, faɗin tafin hannu, har sai ƙyallin ya tafi, sannan a share da asiton. A yanka tabarmar faiba falle uku ko huɗu, kowanne ya ɗan fi ɗan uwansa girma.

Wajen haɗi ake yin kuskure. Ruwan daskararwa kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ake sawa, wato mililita 10 zuwa 20 a lita guda ta rezin. A zafin Khartoum, da kan wuce digiri 40, ƙaramin awon ya isa, kuma da sassafe a inuwa ake aikin. Ka dama kaɗan-kaɗan, don cikin 'yan mintoci yake fara kamawa. Shafa rezin, ɗora falle, danna da buroshi har farin zaren ya jiƙe ya koma garai-garai, kumfar iska ta fita, sannan ka ɗora na gaba.

Tunda ruwan sha ne, in ka je Sajjana ko wata kasuwar kayan gini, ce wa mai shago na tankin sha kake so. Ka ba facin kwanaki ya daskare sosai, ka cika tankin ka zubar sau da yawa har warin ya ɓace, sannan a wanke shi da kulorin. Tankin da aka taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari a ciki kuwa, ya bar aikin sha ke nan.

Kar a manta safar hannu da tabarau da abin rufe hanci. Ruwan daskararwar nan ɗigo ɗaya na iya lalata ido, asiton kuma wuta yake kamawa, don haka a nisanta yara da murhun gawayi.

In gindin tankin ya yi laushi yana ɓarewa falle-falle, ko tsagewar ta zagaye shi, a haƙura. Tanki mai lita 1,000 nauyin tan guda yake ɗauka, kuma a ƙarƙashinsa iyali suke kwana.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.