Ko Kun Sani? Har a Ƙasar Sin Ana Yin Ƙaho

Ƙahon da wanzamai ke yi wa jama'a a Wudil, mutanen Sin ma sun daɗe da saninsa. Tun a ƙarni na 4 masaninsu Ge Hong ya rubuta yadda ake magani da ƙahon dabba. Wanzaminmu kan kafa ƙaho a gadon baya, ya zuƙe iska da baki, ya cire, ya tsattsaga fatar da aska, sannan ya mayar har jini ya taru. Mutanen Sin kuwa yanzu kofin gilashi suke ɗumamawa da wuta su kifa, galibi ba tsaga. In za a yi maka ƙaho, nemi sabuwar reza, domin kauce wa ciwon hanta da ƙanjamau.