Taswirar da aka zana a bakin kwazazzabo

Wanda ya saba da taswirar waya, in aka miƙa masa tsohuwar taswirar Grand Canyon ta 1906, sai ya rasa ta inda zai fara. Siraran layuka ne ruwan ƙasa, cunkus. Kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu ya zo ɗaya, tsakanin wannan da wancan ƙafa 50. Inda suka warwatsu, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. Inda suka manne da juna kuwa, gangara ce wadda ko akuya sai ta yi shawara.

Kwazazzabon Grand Canyon yana jihar Arizona ta Amurka, kogin Kolorado ne ya ƙwaƙule shi, zurfinsa a wani wurin ya kai mita 1,800. A 1902 hukumar safiyo ta USGS ta tura François Matthes, haifaffen Amsterdam, ya auna shi. Babu jirgin sama a lokacin. Kayan aikinsa allo ne mai ƙafa uku, da takarda, da madubin awo. Zai hangi ƙololuwar dutse daga nan ya ja layi, ya yi tattaki zuwa wani tudu ya sake hangenta ya ja wani. Inda layukan suka haɗu, nan dutsen yake. Sauran lanƙwasar duwatsun idonsa ne ya hukunta, hannunsa ya zana. Shi ya sa ni taswirarsa ta 1906 ta fi burge ni a kan wata kyakkyawa da Bradford Washburn ya fitar a 1978 da taimakon jirgi mai saukar ungulu.

Babbar wahalar ita ce gaɓar arewa, tudun Kaibab mai duhun daji, wanda ƙanƙara ke rufewa da sanyi. Ba gada. Sai da Matthes da mutanensa suka gangara da dawakai da alfadarai har ƙasa, dabbobin suka yi iyo suka haye kogin, sannan aka soma hawa.

Yau USGS ta ɗora tsofaffin taswirorinta a intanet kyauta, masu bincike suna bin su don gano tsofaffin hanyoyi da idanun ruwa. Sai dai a duba sunayen duwatsun: Vishnu Temple, Wotans Throne, gumakan Indiya da na Turai. Ƙabilun Havasupai da Hopi sun san wurin nan ɗaruruwan shekaru kafin zuwan safiyo, amma ba sunayen da suke kiran duwatsun aka rubuta ba.