Yadda Ake Gane Sifa A Jimlar Turanci

Yawancin rubutun da ke jikin kwalin magani, da buhun iri, da galan ɗin maganin feshi, da Turanci ake yin sa. Mai koyo yakan gane sunan abu, amma kalmar da ke faɗin ko wane iri ne ta wuce shi. Sau da yawa kuwa gargaɗin yana cikin wannan kalma ne. Ita ake kira sifa. Sunanta da Turanci adjective.

Sifa kalma ce mai bayyana kamannin suna, wato launinsa, ko girmansa, ko halinsa. A Hausa ana cewa farin doki, ana kuma cewa doki fari. Duk daidai ne. A Turanci kuwa, idan sifa tana tare da suna, ita ce ke fara zuwa: white horse. Saboda haka sai mutum ya fara neman suna, sannan ya dubi kalmar da ta zo kafinsa, ya tambayi kansa, wane iri?

Ga misali daga kwalin magani: Store in a cool dry place. Store shi ne a ajiye. Place shi ne wuri, suna ke nan. Wane irin wuri? Cool, mai sanyi. Dry, busasshe. Sifa biyu ne a jere, kuma kowace da aikinta. Uwar gida da ta gane ta farko kaɗai tana iya kai maganin gindin randa, tunda nan ne sanyi yake. Amma gindin randa akwai laima, laima kuwa tana ɓata ƙwayar magani.

Wuri na biyu da sifa ke zama shi ne bayan is ko are. The water is clean, ruwan mai tsabta ne. The seeds are old, irin ya tsufa. A nan sai a lura ko akwai not a tsakani, domin is not clean ya juya maganar gaba ɗaya.

Akwai sauƙi guda. Bahaushe yana da fari, da fara, da farare. Bature white kaɗai gare shi, ko doki ne, ko riga, ko dawaki goma.

Ƙarshen kalma ma yana taimakawa ƙwarai. Kalmar da ta ƙare da ful tana kama da "mai" a Hausa, wadda ta ƙare da less kuma tana kama da "maras". Harm shi ne illa. Harmful, mai illa. Harmless, maras illa. Farkonsu ɗaya ne, don haka mai gaggawar karatu yana iya ɗaukar wannan a madadin wancan. A jikin maganin feshi wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Haka nan ous: poisonous, mai guba, dangerous, mai haɗari.

Sai dai wata kalmar takan yi aiki biyu. The clean pot, tukunya mai tsabta, clean sifa ce. Clean the pot, a wanke tukunya, umurni ne. Abin dubawa shi ne inda the ta zauna. Idan clean ta shiga tsakanin the da suna, sifa ce. Idan ta zo kafin the, to aiki aka sa mutum.