Baƙon da Ba Shi da Takarda: Aikin Wa Yake Ci?

Da zarar an gama girbi, an ɗaure gero an zuba a rumbu, sai ka ga sababbin fuskoki a unguwar Kambarawa da sauran unguwannin birnin Katsina. Wani yana tura kurar ruwa, wani yana kwaɓa siminti a wurin gini, wani yana yawo da akwatin yankan farce, wani kuwa ya naɗa rawani yana gadin ƙofar mai kuɗi. Da yawa daga cikinsu daga Jumhuriyar Nijar suka fito, daga ƙauyukan Maraɗi da Tasawa da Dakwaro. In ka tambaye su fasfo, sai su yi murmushi. Ba su da shi, yawancinsu kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu.

To, ga tambayar da ake ta yi a majalisa da tashar mota: shin waɗannan mutane suna ƙwace wa 'ya'yanmu aiki ne?

Kafin mu amsa, mai karatu, sai mu san ko su wane ne. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai mil 60 ba. Sa'ad da jihadi ya ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka gudu arewa, zuriyarsu ce ta kafa Maraɗi, har yau kuwa Sarkin Katsina ake ce da mai sarautar can. Iyakar da ta raba mu, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta, suka sa hannu a kai a 1906. Ta ratsa gonaki, ta raba wa da ƙane. Saboda haka "baƙon" nan sau da yawa ɗan ƙanwar kakarka ne. Cin rani kuma ya girmi fasfo nesa ba kusa ba.

Amma doka tana nan. Yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS suka ƙulla a Dakar a 1979 ta ba mutumin ƙasashen ƙungiyar izinin shiga ba biza, ya zauna kwana 90, in yana riƙe da takardar tafiya. Manomin da ya biyo hanyar jaki ta bayan Jibiya ko Dankama bai cika wannan sharaɗi ba. A idon hukuma ya shigo ba bisa ƙa'ida ba.

Nijeriya ta taɓa gwada maganin kora. Ran 17 ga Janairu 1983, Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba da sanarwa cewa duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar cikin mako biyu. An ƙiyasta mutum wajen miliyan 2 suka fita, kusan rabinsu mutanen Gana, sauran daga Nijar da Cadi da Kamaru da Togo da Binin. Hujjar gwamnatin Shehu Shagari ita ce baƙi sun cinye aiki, suna kuma kawo fitina, ana tuna rikicin Maitatsine na Kano a Disamba 1980. (Mutanen Gana ma sun yi wa 'yan Nijeriya irin wannan a 1969, zamanin Busia.)

Aiki ya samu? Bai samu ba. Gama ba baƙi ne suka rufe masana'antu ba, kuɗin man fetur ne ya faɗi. A 1980 muna haƙo ganga miliyan 2 a rana, kafin 1983 abin ya sauko ƙasa da miliyan ɗaya da rabi, tun 1982 kuma gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. 'Yan kwangila suka watsar da gine-gine, aka sallami ma'aikata, ɗan ƙasa da baƙo duka. Ɗan makarantar da ya gama sakandare bai karɓi kurar ruwan da baƙo ya bari ba. Aikin ofis yake nema, ba shi kuwa.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. A Afrilu 1984 gwamnatin Janar Buhari ta canja launin kuɗi ta rufe iyaka, a 1985 ta sake ba baƙi wajen 700,000 wa'adi. Daidai lokacin fari ya ƙone gonakin Nijar. Mutanen da suka saba zuwa kudu neman abin sayen hatsi suka tarar da ƙofa a kulle. Har yau a karkarar Maraɗi da Damagaram, El-Buhari ake kiran yunwar wannan shekara. Kasuwannin bakin iyaka na wannan gefe su ma suka yi sanyi, don mai kawo rago da wake shi ne mai sayen atamfa da kananzir. Sai a 1986 Janar Babangida ya buɗe.

Kada dai mu ce ba wanda ke cutuwa. Akwai shi, shi ne leburan gari mai mata da 'ya'ya da kuɗin haya. Ɗan ci-rani yana kwana a zaure ko kangon ginin da yake yi, su biyar a tabarma biyu, abincinsa gari da ƙuli-ƙuli. Abin da zai karɓa a yini ya ga riba, ba zai ciyar da gidan mutum shida ba. In birkila ya sami mai yi a rahusa, me zai sa ya ɗauki mai tsada? Ta haka ladan ƙodago ke tsayawa wuri ɗaya alhali kwanon masara yana hawa.

Amma a duba hannun da ribar ke faɗawa. Mai ginin ne, da maigidan da ya sami mai gadi a rabin kuɗi, da uwargidan da aka kawo wa yarinya daga ƙauye tana wanke-wanke ba makaranta. Wataƙila ni da kai ne. Rashin takardar ne ke sa baƙo araha: in an hana shi ladan wata uku ba ya iya kai ƙara, don yana tsoron a tambaye shi yadda ya shigo. Da za a biya shi daidai da ɗan gari, da dalilin fifita shi ya ragu ƙwarai.

Abin da ke kawo shi ko ya hana shi zuwa kuwa, ba soja a bakin iyaka ba ne, ruwan sama ne da darajar kuɗi. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka. A 2024 sai da mutum ya ba da fiye da naira biyu kafin ya sami sefa ɗaya. Wanda ya yi wata huɗu yana tura kura, in ya canja abin da ya tara, sai ya ga bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa matasan Nijar da yawa suka juya arewa, zuwa Aljeriya da Libiya, ko wuraren haƙar zinariya na yankin Agadas, 'yan Nijeriya ma suna bin su.

An sake rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka kuma rufe bayan juyin mulkin Yamai na Yuli 2023, har Nijeriya ta buɗe nata gefe a Maris 2024. Ran 29 ga Janairu 2025 Nijar ta fita daga ECOWAS, ko da yake ƙungiyar ta roƙi ƙasashenta su ci gaba da barin mutanen Nijar suna shiga da fita kamar dā. A wannan tsakani kuma, tun Fabrairu 2021, aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 284, daga Kano ta Katsina da Jibiya, ta ƙare a Maraɗi.