Da ba a dandaƙe shi ba: Yadda ake auna dokin da bai bar iri ba

A watan Janairun 1976 aka kai wani duƙushi kasuwar gwanjon dawaki ta Keeneland da ke jihar Kentucky a Amurka. Ƙarami ne, gwiwoyin ƙafafunsa na gaba sun ɗan lanƙwashe ta baya, ubansa ba wani sananne ba ne, ga shi da baƙin hali. A kan dala 1,100 aka sallama shi.

Sunansa John Henry. Ya yi ƙaurin suna wajen fizgo bokitin ƙarfe daga jikin bangon barga, ya tattake shi har sai ya baje. Ba a daɗe ba aka yi masa dandaƙa, ko ya yi sanyi.

Wannan dokin da aka raina shi ne ya zo ya shiga sukuwa sau 83, ya ci 39, ya tara wa masu shi sama da dala miliyan shida da rabi. Sau biyu ana zaɓensa gwarzon dokin shekara a Amurka, a 1981 da 1984, na biyun yana da shekara tara, lokacin da yawancin sa'o'insa suka daɗe da barin fili.

Tun daga wancan lokaci masu sha'awar dawaki suke tambaya guda: da an bar shi da mazakutarsa, wane irin uba zai zama?

Tambayar ba ta hira kawai ba ce. Akwai shekarun da sai mai goɗiya ya biya dala 500,000 kafin ingarman nan Storm Cat ya yi mata barbara sau ɗaya. Wato abin da John Henry ya tara a rayuwarsa, ingarma irin wannan zai samo shi daga goɗiyoyi 14. Mai kiwo a ƙasar Hausa ya san irin wannan lissafi: ranar da ka mayar da bunsuru taure, ka samu ƙiba da natsuwa, amma ka yi ban kwana da irinsa har abada.

Me ya sa ake dandaƙe doki?

Dalili na farko shi ne hali. 'Ya'yan maraina ne ke samar da sinadarin testosteron, wanda ke sa ingarma faɗa da cizo da bin goɗiyoyi. Idan aka cire su, yawancin dawaki sukan natsu, su mayar da hankali kan aiki, a kuma iya haɗa su da wasu a wuri ɗaya ba tare da tashin hankali ba.

Na biyu shi ne jiki. Dokin da aka yi wa fiɗiya da wuri ba ya tara nauyin wuya da ƙirji kamar ingarma, kuma yakan ɗan fi tsawo. Akwai kuma wanda ake haifa ɗaya daga cikin 'ya'yan marainansa bai sauko ba, abin da kan dame shi wajen gudu. Wannan ne ya sa aka dandaƙe Funny Cide, wanda daga baya ya lashe gasar Kentucky Derby a 2003, dandaƙaƙƙe na farko da ya yi hakan tun 1929.

Na uku shi ne kasuwa. Ingarma ɗaya kan wadatar da goɗiyoyi fiye da ɗari a shekara, don haka ba a bukatar maza da yawa. Galibin duƙusai maza ba za su taɓa samun gurbin kiwo ba ko da an bar su.

Ma'auni huɗu

Masu kiwo kan duba abubuwa huɗu kafin su ce doki ya isa a ajiye shi don iri: asali, ƙirar jiki, hali, da abin da ya yi a fili. Dandaƙa ba ta canza ƙwayoyin halittar gado, saboda haka da waɗannan ma'aunai ne dai ake auna dandaƙaƙƙen doki.

A ɗora John Henry a kan sikelin. Asalinsa mai rauni ne, domin ubansa Ole Bob Bowers bai yi suna wajen haifar zakaru ba. Ƙirarsa na da aibi, kuma lanƙwasar gwiwa tana cikin abubuwan da masu kiwo ke tsoron a gada. Halinsa kuwa ko bayan dandaƙar bai daina cizo ba. A ma'auni ɗaya tak ya yi zarra, wato sukuwa. Mai kiwon da zai kai masa goɗiya zai yi caca ne cewa 'ya'yan za su ɗauko zuciyarsa, su bar gwiwarsa da halinsa.

Haka labarin Kelso yake, dokin da ya zama gwarzon shekara sau biyar a jere a Amurka, daga 1960 zuwa 1964. Shi ma an dandaƙe shi tun yana ƙarami saboda ƙanƙanta da taurin kai.

A nan ne kuma tarkon farko yake. Wanda ke cewa da an bar shi da ya zama babban uba, yana ɗauka ne cewa dokin zai ci irin nasarorin da ya ci ko ba a taɓa shi ba. Alhali mai yiwuwa ne dandaƙar ce ta mayar da shi zakara. John Henry mai cikakkiyar mazakuta, da irin wannan hali, wataƙila da ba wanda ya ji sunansa.

Tarko na biyu shi ne yawan nasara. Ingarma mai daraja akan janye shi daga fili yana shekara uku ko huɗu, don kada ya ji rauni a yi asarar kuɗin barbara. Secretariat sau 21 kawai ya yi sukuwa aka ajiye shi. Dandaƙaƙƙe kuwa ba shi da wani aikin da ke jiransa, sai ya yi ta gudu har ƙarfinsa ya ƙare. Yawan kofunansa na nuna juriya da lafiyar ƙafa, kuma wannan abin so ne, amma bai isa hujjar cewa ya fi wanda aka janye da wuri jini mai kyau ba.

Barewa kan yi gudu ɗanta ya yi rarrafe

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tarihin kiwon dawakin sukuwa ya sha ƙaryata wannan magana.

Secretariat ya lashe manyan gasanni uku na Amurka a 1973, ya ci ta Belmont da tazarar tsawon doki 31. Tun kafin haka an sayar da hannayen jarinsa na kiwo a kan dala miliyan shida da 'yan kai. Ya haifi nagartattu irin su Lady's Secret da Risen Star, amma bai haifi kamarsa ba, kuma 'ya'yansa maza ba su kafa wani babban gida ba. Ta wajen 'ya'yansa mata ne albarkarsa ta fito, domin su suka haifi Storm Cat da A.P. Indy. Sai da aka yi jikoki kafin a san ainihin darajarsa.

Shi kansa A.P. Indy darasi ne. An haife shi da irin matsalar Funny Cide, amma sai aka cire ɗan marainan da bai sauko ba kaɗai, aka bar ɗayan. Ya lashe gasar Belmont a 1992, ya kuma zama ɗaya daga cikin manyan iyayen dawaki a Amurka. Matsala iri ɗaya, hukunci daban, sakamako daban.

Sai kuma waɗanda ba su yi wani abin a zo a gani a fili ba. Danzig sau uku kawai ya yi sukuwa, ciwon gwiwa ya tsayar da shi, amma shi ne ya zo kan gaba a jerin iyayen dawaki a Amurka shekara uku a jere, daga 1991 zuwa 1993. Fairy King sau ɗaya ya fita bai ci komai ba, sai ga ɗansa Helissio ya lashe babbar gasar Faransa ta Arc de Triomphe a 1996. Abin da ya haɗa su shi ne dukansu 'ya'yan Northern Dancer ne, wanda shi ma saboda ƙanƙantarsa aka rasa mai sayensa a kan dala 25,000 yana ɗan shekara ɗaya.

Wani bincike da masana biyu na Jami'ar Edinburgh, Alastair Wilson da Andrew Rambaut, suka yi kan dubban dawakin sukuwa, ya nuna cewa kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai na bambancin kuɗin da dawaki ke ci a rayuwarsu ake iya dangantawa da gado. Sauran ya rataya ne a kan horo, mahayi, abinci, rauni da sa'a, kuma ba ko ɗaya daga cikinsu da uba ke miƙa wa ɗa.

Shi ya sa idan ana son hasashe mai ma'ana game da dandaƙaƙƙen doki, danginsa ake dubawa. Me shaƙiƙansa maza suka haifa? Me 'yan'uwansa mata suka haifa? Shi kaɗai ne tauraro a gidan, ko gidan ne ya saba fitar da taurari? Dokin da ya fito shi kaɗai daga gidan da ba a san shi da komai ba, ba kasafai yake maimaita kansa ba.

Hanyar da kimiyya ta buɗe

A da, idan aka yi dandaƙa magana ta ƙare. Yanzu akwai kwafin halitta. Pieraz, wani dandaƙaƙƙen dokin Larabawa da ya zama zakaran duniya a tseren dogon zango a 1994 da 1996, an ɗauki ƙwayoyin jikinsa aka samar da kwafinsa a Italiya a 2005. Kwafin ya zo da cikakkiyar mazakuta, ba don tsere aka yi shi ba sai don kiwo, kuma ya haihu. A 2012 hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta amince irin waɗannan dawaki da 'ya'yansu su shiga gasanninta. Likitocin dabbobi kuma kan iya ɗebo maniyyi daga 'ya'yan marainan da aka cire a daskarar da shi.

Sai dai duk wannan bai shafi dawakin sukuwa na jinsin Thoroughbred ba, domin dokarsu ba ta yi wa duƙushi rajista sai an same shi ta barbara ta zahiri. Gasar Derby ta Epsom a Ingila da ta Arc de Triomphe ma sun daɗe ba sa karɓar dandaƙaƙƙu, saboda ana ɗaukarsu a matsayin wurin tantance iyayen gobe. Shi ya sa Calandagan, wanda ya lashe gasar King George a Ascot a watan Yulin 2025, bai samu damar shiga ta Arc ta wannan shekarar ba duk da gudunsa.

Kafin a kira likita

Ga mai doki, lokacin yin wannan tambaya shi ne kafin wuƙa ta taɓa jiki. Shin dokin ya yi fice a ma'aunan nan huɗu, ko a ɗaya kawai? Akwai masu goɗiyoyin da za su neme shi da gaske? Akwai wuri da ma'aikatan da za su iya riƙe ingarma ba tare da ya raunata wani ba? Idan amsar a'a ce, dandaƙar ta fi masa alheri, don zai rayu cikin 'yan'uwansa maimakon a killace shi shi kaɗai.

Ko an bar shi ma ba tabbas. Cigar ya ci sukuwa 16 a jere, har da gasar cin kofin duniya ta Dubai ta farko a 1996. Asali da ƙira da nasara duk ya haɗa. Da aka kai shi kiwo, ko goɗiya ɗaya ba ta ɗauki ciki ba, sai da kamfanin inshora ya biya dala miliyan 25.

Daga ƙarshe an kai Cigar gandun dawaki na Kentucky Horse Park, inda ya tarar da John Henry yana hutun tsufa. Sun yi shekaru suna maƙwabtaka, baƙi na zuwa kallonsu, har John Henry ya mutu a watan Oktoban 2007 yana da shekara 32. Ɗaya an dandaƙe shi ana ta da-na-sani, ɗaya an bar shi ana ta lissafin miliyoyi, kuma babu wanda ya bar ko duƙushi ɗaya a cikinsu.