Sabuwar Mota Mai Tsohuwar Ƙira

Jama'a, a wannan wata za mu leƙa wata sana'a da ba mu da irinta a ƙauyukanmu, amma duk wanda ya taɓa zama a bakin maƙera zai gane ta. Sana'ar ita ce ƙera mota da hannu. Ba kowace irin mota ba, motar tsere irin ta zamanin da. Sai ka ga mota ka rantse ta shekara 100 a duniya, alhali kuwa bara aka gama ta. Kafin mu je wurin maƙeran, bari mu san motar da suke kwaikwayo tukuna.

Motar asali

A ƙasashen Turai tseren mota babban wasa ne, kamar yadda sukuwar dawaki take a wurinmu. Akwai wani mutumin Italiya mai suna Ettore Bugatti. An haife shi a birnin Milan a 1881, ya kafa masana'antarsa a garin Molsheim, wanda yake cikin Faransa a yau. A 1924 ya fito da wata motar tsere da ake kira Bugatti mai lamba 35. A tserenta na farko, a birnin Lyon, ba ta yi abin kirki ba, domin tayoyi sun ba ta matsala. Amma daga nan sai ta zama gagara-gasa. Ta ci tsere fiye da 1,000. A tsibirin Sisili na Italiya akwai wani tsere mai wuya da ake yi a kan duwatsu, sunansa Targa Florio. Bugatti ta cinye shi sau 5 a jere, daga 1925 zuwa 1929.

Motar 'yar ƙarama ce, siririya, ba rufi, ba ƙofa. Kujera biyu ce kawai, ta direba da ta bakanikensa. Gabanta, wato wurin lagireto, yana kama da kofaton doki, bayanta kuma ya tsuke kamar bakin kwalekwale. Injinta silinda 8 ne a jere. Nauyinta kimanin kilo 750, kamar buhun masara bakwai da rabi ke nan. Masu ƙarfi daga cikinsu suna wuce kilomita 200 a sa'a ɗaya. Wato da za ta sami hanya mai kyau ba kowa, da ta bar Kano ta shiga Zariya tun sa'a ɗaya ba ta cika ba.

Kimanin 340 kawai aka ƙera. Wasu sun yi haɗari, wasu sun ruɓe, waɗanda suka rage suna hannun attajirai da gidajen ajiye kayan tarihi. A 2020 an yi gwanjon guda ɗaya a Ingila, ta tashi kusan fam miliyan 4. To, mai sha'awarta wanda bai kai nan ba fa, yaya zai yi? Shi ma wanda ya mallake ta, zai yarda ya shiga tsere da ita ya buga ta da dutse? Nan ne maƙera suka sami aiki.

Maƙeran Ajantina

Abin mamaki, waɗanda suka fi suna wajen kwaikwayon wannan mota ba a Faransa suke ba. Suna can ƙasar Ajantina, a Amurka ta Kudu, a wani birni mai suna Parana da ke bakin wani babban kogi mai wannan suna. Mutanen Ajantina masu son tseren mota ne ƙwarai. Ɗan ƙasarsu, Juan Manuel Fangio, ya zama zakaran duniya sau 5 tsakanin 1951 da 1957.

Kamfanin sunansa Pur Sang, wanda ya kafa shi kuma Jorge Anadon. Da gyaran tsofaffin motoci ya fara. In aka kwance motar asali don gyara, sai a auna kowane ƙarfe da ke jikinta, a zana shi a takarda. Wanda ya san awon kowane abu kuwa, zai iya yin sabo. Haka aka yi ta yi har suka iya haɗa mota sukutum, daga inji har zuwa noti.

Yadda ake aikin

Mai karatu, ka taɓa kallon masu zubin tukunyar gorar ruwa? Sukan danna samfuri cikin yashi mai laima, su cire shi, ya bar gurbinsa. Sai su narka ƙarfe su zuba a gurbin. In ya huce a fasa yashin, ga tukunya. To, da irin wannan dabara ake zubin gangar inji da ƙafafun motar Bugatti. Bambancin kawai shi ne awo. Tukunya in ta ɗan karkace, tuwo zai dahu. Inji kuwa in ya kauce ko da kaurin gashi ne, fistin ba zai yi tafiya daidai ba. Shi ya sa bayan zubi sai an kai shi kan injin feƙe ƙarfe, a yi ta aunawa ana ragewa.

Jikin motar shi ne aikin da ya fi ban sha'awa. Da farko kafinta zai haɗa ƙwarangwal na katako mai siffar motar. Sai maƙeri ya ɗauko fallen gorar ruwa, ya ɗora a kan jakar yashi ko kututturen itace mai rami, ya yi ta bugu da gudumar katako har fallen ya lanƙwasa. Bugun yana barin tabo. Don haka sai a tura fallen tsakanin wasu ƙafafun ƙarfe guda biyu, a ja gaba a ja baya, har ya yi sumul. Sai a ɗora shi a kan ƙwarangwal a gani. In bai zauna ba a koma bugu. Falle ɗaya yana iya cin yini. Bayan an gama duka sai a yi walda, a goge, a yi fenti.

Shi ma fentin da ma'anarsa. A tseren da, kowace ƙasa da launinta. Faransa shuɗi, Italiya ja, Ingila kore. Shi ya sa yawancin masu sayen Bugatti suke cewa a yi musu shuɗiya.

Akwai kuma hanyar talaka. Maimakon bugun ƙarfe, sai a zuba jikin motar da wata irin roba mai tauri, a ɗora shi a kan shasin tsohuwar mota. Wadda aka fi yi wa haka ita ce Volkswagen Beetle, mai kama da kunkuru, irin wadda aka riƙa haɗawa a Legas daga 1975. Daga nesa sai ka ce motar tsere ce. Amma da ta tashi, kukan injin zai tona mata asiri, domin daga baya yake fitowa.

Wace ce ta gaske?

Nan ne maganar take da nauyi. Kowace mota tana da lamba da aka buga a jikin shasinta tun daga masana'anta. Wannan lamba ita ce sunan yanka na mota. Da ita ake sanin shekarar da aka ƙera ta, da wanda ya fara saye, da tseren da ta shiga. Wanda ya ba da miliyoyi a kan tsohuwar Bugatti, ba ƙarfe ya saya ba. Lamba ya saya, da tarihin da ke bayanta.

Ga misali daga Ingila. Kamfanin Jaguar ya yi wata motar tsere da ta ci babban tseren Le Mans na Faransa, wanda ake yin sa'a 24 ana gudu, a 1955 da 1956 da 1957. Sai kamfanin ya shirya mayar da guda 25 su zama na hawa a titi. Ranar 12 ga Fabrairu 1957 gobara ta tashi a masana'antar, a birnin Coventry, ta cinye guda 9. A 2016 kamfanin ya ba da sanarwar zai ƙera waɗannan 9 ɗin da hannu, bisa tsohon zane, ya kuma ba su lambobi daga tsohon littafinsa. An sayar da kowace ɗaya fiye da fam miliyan 1. Sababbi ne, kowa ya sani, ba a ɓoye wa kowa ba.

Ni dai a ganina, aikin irin su Pur Sang da Jaguar ba jabu ba ne, tun da sun faɗi gaskiyar abin da suke sayarwa. Jabu yana farawa ne ranar da wani ya ɗauki sabuwar ƙira, ya buga mata lambar tsohuwa, ya tsufar da fentin da gangan, ya kai ta kasuwa. Wani lokaci ma ba da niyyar cuta ake farawa ba. Mota ta yi haɗari tun da daɗewa, wani ya sayi injin, wani ya sayi shasin. Kowa ya ƙera sauran sassan ya cike tasa. Sai ga mota biyu da lamba ɗaya, kowa yana cewa tasa ce ta asali, har a kai ga kotu.

Wannan darasi bai tsaya a Turai ba. In za ka sayi babur ko a-kori-kura na hannu, kada kyan fenti ya ɗauke maka hankali. Ka duƙa ka karanta lambar shasi da ta inji da idonka, ka gwada su da abin da ke rubuce a takardu, harafi da harafi. In ka ga alamar an kankare wurin ko an sake bugawa, ka riƙe kuɗinka.

Su ma kamfanoni ba duka suke yarda a kwaikwayi motarsu ba. Jami'an kwastan na Jamus sun taɓa kama jikin wata mota da aka ƙera ba da izini ba, mai siffar tsohuwar Mercedes 300 SL, wadda ƙofofinta suke buɗewa sama kamar fikafikan tsuntsu. A 2012 kamfanin Mercedes ya sa aka saka jikin cikin injin matse ƙarfe aka ragargaza shi, sannan ya raba wa 'yan jarida hotunan.